Zombi ba ya magana: ta ina ake kamo jigo a labarin matattu masu yawo?

Tambaya: Malam, an ba mu aikin nazarin wani ƙagaggen labari wanda annobar zombi ta rushe duniya a cikinsa. Kowane babi wani tauraro daban ne ke ɗauke da shi. An ce mu fito da mahangar taurari da jigo, ni kuwa ban ga komai ba sai gudu da cizo da jini. Abin da na rubuta a matsayin jigo shi ne "neman tsira". Ya wadatar?

Ƙanwata, bai wadatar ba, ko da yake ba ƙarya kika rubuta ba. Neman tsira shi ne abin da ake yi a cikin labarin, kuma duk littafin da kika ɗauko mai irin wannan zubi abin da ake yi ke nan. Jigo kuwa magana ce da littafin ke yi game da wannan abin, magana wadda wani zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Ba wanda zai yi miki musu a kan "neman tsira". Amma da kin ce, "a wannan littafi ba wanda ya tsira sai da ya fara fitar da wani daga sahun mutane a zuciyarsa", to kin faɗi abin da za a nemi hujjarsa, kuma hujjar tana cikin ɗaya rabin aikin da aka ba ki, wato mahangar taurari. Ba tambayoyi biyu aka yi muku ba. Ɗaya ce aka raba.

Ki fara lura da abin da ya bambanta zombi da sauran abubuwan tsoro na adabi. Fatalwa tana da abin da take nema, tana da wanda ya zalunce ta. Dodo yana da wayo, ana ma iya yin ciniki da shi. Mai shan jini na labaran Turai yana da gida da tarihi da iya zance. Zombi ba shi da ko ɗaya. Gangar jiki ce da aka kwashe mai ita, ba ya shawara, ba ya nadama, ba ya canzawa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Saboda haka duk abin da kika sani game da shi, ta idon wani rayayye kika gan shi, da kalmomin wannan rayayyen, da tsoronsa, da abin da yake so ya ɓoye. Idan kika zauna kina nazarin zombin kansa, bango kike yi wa tambaya. Mai kallonsa shi ne abin nazari.

Sanin asalin abin zai taimake ki, domin mahangar ma ta taɓa juyawa sau ɗaya a tarihinsa. Kalmar daga Haiti ta shiga duniya, ƙasar da Faransa ta cika da bayi 'yan Afirka don noman rake, har suka yi tawaye a 1791 suka kafa ƙasarsu a 1804. A imanin mutanen can, zombi mutum ne da boka ya tayar daga kabari ya mallake shi, yana yi masa aikin gona ba magana ba gardama, kuma ana cewa idan ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo. Wannan zombin ba ya cin kowa. Abin tsoron shi ne a mayar da kai shi, wato ko mutuwa ba ta 'yanta ka daga bauta ba. Amurkawa sun san shi ne lokacin da sojojinsu suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, musamman ta littafin William Seabrook na 1929, wanda ya ba da labarin matattu masu aiki a gonakin rake. Zombin da kika sani, mai cin naman mutane, mai yaɗuwa ta hanyar cizo ko mutuwa, ya samo siffarsa ne daga fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, wanda ko kalmar zombi ba a kira su da ita ba a cikinsa. Ki duba abin da ya faru tsakanin waɗannan biyu. Da can mai ba da labarin yana jin tsoron ya zama bawan. Yanzu yana cikin gida ya kulle ƙofa, taron marasa suna na waje suna bugawa. Ido ya tashi daga wajen wanda aka mallaka ya koma wajen mai abin da za a ƙwace. Duk marubucin da ya san aikinsa yana sane da wannan juyin, wasu ma don su sake juya shi suka yi rubutun.

Yanzu ga kayan aiki. Wani masanin adabi Bafaranshe, Gérard Genette, ya raba tambayoyi biyu a 1972 waɗanda ɗalibai ke yawan cakuɗawa: wa ke magana, kuma wa ke gani? Mai magana shi ne muryar da ke ba da labari. Mai gani shi ne wanda aka tsare mu a cikin kansa, ba mu san komai ba sai abin da ya sani. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Labari yana iya cewa "ta tafi, ta zauna", muryar wani ce daga waje, amma ba a nuna mana komai sai abin da idon wannan "ta" ya kai gare shi.

Misalin da na fi son koyarwa da shi littafin M. R. Carey ne na 2014, The Girl with All the Gifts. An buɗe shi da yarinya 'yar kimanin shekara 10, Melanie, mai kaifin basira, mai ƙaunar malamarta. Kullum da safe sojoji kan zo ɗakinta, ɗaya ya auna ta da bindiga, a ɗaure ta a kujera mai taya, hannu da ƙafa da wuya, a tura ta aji. Ita ba ta ga abin mamaki a nan ba, domin ba ta san wata rayuwa ba. Mai karatu ne ke jin wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Kafin a bayyana cewa yarinyar tana ɗauke da cutar, kuma ƙanshin jikin mutum yana tayar mata da yunwar da ba ta iya riƙewa, an riga an sa mun zauna a cikin kanta mun saba. Marubucin bai yi mana wa'azi cewa yaran nan mutane ne ba. Ya dai zaunar da mu inda ba za mu iya cewa ba mutane ba ne. Daga nan sai ya riƙa ɗauke mu yana kai mu kan sauran: malama Justineau da ke ganin ɗaliba, likita Caldwell da ke ganin ƙwaƙwalwar da za a yanka a binciko magani, saje Parks da ke ganin haɗari. Yarinya ɗaya, ido uku, kuma babu wanda za ki kira wawa a cikinsu. Caldwell ma, wadda ta fi kowa rashin tausayi, ita ce ke neman abin da zai ceci sauran 'yan Adam. Jigon littafin yana cikin tazarar da ke tsakanin waɗannan idanu. Ba ya bakin ɗayansu.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai: a nemo tauraron da ya fi iya magana, a ɗauko jawabinsa mafi daɗi, a ce ga jigo. Tauraro mutum ne mai buƙata, kuma laifi tudu ne, kowa na taka nasa ya hango na wani. Abin da ya faɗa shaida ce kawai, sai an gwada ta da abin da ya aikata da abin da wasu suka gani.

To ta yaya za ki gwada? Ki koma littafinki da biro, ki bi sunan da kowane tauraro ke kiran matattun da shi. Wannan ƙaramin aiki ne amma ban taɓa ganin ya ba da kunya ba. Marubutan irin wannan labari sukan guje wa kalmar zombi, su bar kowane rukuni ya raɗa nasa suna. Soja yakan ba su sunan raini ko na barkwanci, don harbi ya yi masa sauƙi. Likita yakan ce "masu cutar", wanda ke nuna har yanzu yana ganin majiyyaci, ko ya ba su lamba, wanda ke nuna ya daina. Uwa da ɗanta ya kamu ba ta kiransa da komai sai sunan da ta raɗa masa. Sai ki sa ido kan ranar da sunan ya canza a bakin mutum ɗaya. Shafin da mace ta daina cewa "mijina" ta ce "abin nan", ko shafin da soja ya fara kiran yarinya mai cutar da sunanta, nan ne tauraron ya motsa, ko da marubucin bai buga ganga a kai ba. Idan littafinki na Turanci ne, ki lura har da wakilin suna, domin harshen yana da na mutum yana da na abu, kuma tsallakawa daga wannan zuwa wancan hukunci ne.

Sai fagen cizo. Kusan babu littafin zombi da ba shi da wannan fage: an ciji ɗaya daga cikin tawaga, yana da sa'o'i kaɗan, kowa ya sani. Marubuta suna komawa gare shi ne saboda a nan mutum yake tsakiya, bai mutu ba, amma an fara yi masa kallon gawa. Ki tambayi kanki ta idon wa aka nuna fagen. Idan ta idon wanda aka ciza ne, littafin yana tambayar mene ne mutum ke riƙewa idan ya san saura ƙiris, kuma me ya sa yake ɓoye ciwon. Idan ta idon mai riƙe da bindiga ne, tambayar ta koma kan wajibi da laifi. Idan kuwa ta idon yaro ne da ke leƙe daga bayan ƙofa, to maganar gado ake yi, wato irin duniyar da manya ke koya wa na baya. Abu ɗaya ne ya faru, amma jigo uku ne, kuma wurin da aka ajiye ido ne ya zaɓa.

Haka fagen ƙofa, lokacin da baƙo ke bugawa yana roƙo a buɗe. A fim ɗin Romero akwai gardama tsakanin mutum biyu, Ben da Cooper, kan ko a tsare saman gida ko a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Fim ɗin ya sa mun bi Ben, jarumi mai hankali, mun tsani Cooper matsoraci mai son kai. Amma da gidan ya cika da matattu, a ɗakin ƙasan nan Ben ya ɓuya har gari ya waye. Wanda muka tsana shi ne ya fi kusa da gaskiya a kan wannan batu. Da safe kuma masu farautar matattu, fararen fata, suka hango Ben, baƙar fata, ta taga, suka harbe shi ba tare da tambaya ba. Romero ya sha faɗin cewa ya ɗauki Duane Jones, wanda ya fito a matsayin Ben, don ya fi kowa iya wasan, amma fim ɗin ya fito a shekarar da aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma masu kallo ba su iya raba wannan ƙarshe da abin da ke faruwa a titunansu ba. Na kawo wannan ne don ki ga cewa jin daɗin tauraro daban, gaskiyarsa daban.

Tunda littafinki mai baki da yawa ne, World War Z na Max Brooks, wanda ya fito a 2006, zai yi miki amfani wajen kwatance. An gina shi ne a matsayin hirarraki da wani ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi da waɗanda suka tsira, bayan yaƙin ya ƙare da shekaru: likita a ƙasar Sin da ya ga farkon cutar, sojan Amurka da ya ga yadda manyan makamai suka kasa, ɗan kasuwar da ya yi arziki da maganin rigakafin bogi ya gudu ya ɓuya a yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Abu na farko da wannan zubi ke yi shi ne ya kashe tambayar "zai tsira ko ba zai tsira ba", domin duk mai magana ya riga ya tsira. Tambayar da ta rage ita ce: me ya yi har ya tsira, kuma yaya yake ba wa kansa labarin yanzu? Akwai babin da ke bayanin wani shiri da aka fara a Afirka ta Kudu, wanda wani tsohon mai tsara dabaru na zamanin wariyar launin fata, Paul Redeker, ya zana: gwamnati ta janye zuwa wurin da za ta iya karewa, a bar wasu jama'a a baya su zama abin da zai ɗauke hankalin matattu. Mutumin da ke ba da labarin yana maganar Redeker kamar wani ne daban. Sai a ƙarshen babin muke gane cewa a asibitin masu taɓin hankali ake hirar, kuma shi ne Redeker ɗin, ya kasa zama da abin da ya tsara har ya sauya wa kansa suna. Wannan shi ne abin da manazarta ke kira mai ba da labarin da ba a dogara da shi. A littafin da duk masu magana tsirarru ne, ki ɗauka kowa yana da ɗan abin da yake rufewa, sai ki nemo inda zancensa ya yi tsalle.

Akwai kuma waɗanda ba a ba su babi ba sam. Ki ƙirga. Taurari nawa ne ke da babi, maza nawa, mata nawa, masu makami nawa, masu mulki nawa? Wa ake magana a kansa kullum amma bai taɓa yin magana da bakinsa ba? Mutanen da aka bari a baya a shirin Redeker su ne suka biya kuɗin nasarar, kuma mafi yawansu ba su kai ga teburin hira ba. Shirun da littafi ya yi zaɓi ne na marubuci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma kina da damar ki tuhume shi a kai. Nazari ba yabo ba ne.

Wata 'yar gargaɗi game da alamci. Za ki karanta a wurare da yawa cewa zombi yana wakiltar masu haukar saye-saye, ko baƙin haure, ko annoba, ko talakawa. Kowanne yana da inda ya samo tushe. Fim ɗin Romero na 1978 a katafaren rukunin kantuna aka yi shi, matattu suna ta zagaye inda suka saba zuwa suna da rai, don haka fassarar saye-saye ta zauna daram a can. Amma ba a ɗauko fassarar wani littafi a jingina wa wani. Zombi kamar tulu ne wanda ba komai a ciki, abin da marubuci ya zuba shi za ki tarar. A Zone One na Colson Whitehead, na 2011, wanda ya ɗauki kwana uku kacal a birnin New York, akwai wasu 'yan tsiraru cikin matattun da ba sa kai hari. Suna tsaye cak a wani wuri da ya shafi rayuwarsu ta da, kamar an dakatar da su a tsakiyar wani aiki. Tauraron da ke aikin share su, wanda ake yi wa laƙabi da Mark Spitz, shi ma rabin hankalinsa yana can baya, jimla ba ta ƙarewa sai ta zame cikin tuna da. Salon rubutun da kansa yana nuna cewa mai sharar da abin da yake sharewa ciwo ɗaya ke damunsu. Ba za ki samo wannan daga jerin ma'anonin zombi da aka haddace ba. Daga jimlolin littafin ake samunsa.

Kuma kada ki manta da lokaci. Tauraron da ke ba da labari da "na yi, na gani" ya riga ya wuce wurin, yana da damar gyara. Wanda ake ba da nasa a yanzu-yanzu, ko ta hanyar littafin ajiye sirri da yake rubutawa kowane dare, bai san gobe ba, kuma rubutun na iya yankewa a tsakiyar shafi. Ki duba ko duka taurarinki lokaci ɗaya suke magana. Idan ɗaya ne kawai ke magana daga bayan komai, shi marubucin ya ba wa hukuncin ƙarshe, sai ki tambayi dalili.

Idan kin tara waɗannan, furucin jigo zai zo da kansa, kuma ya kamata ya ƙunshi saɓani. Kada ki rubuta cewa tauraro na farko jarumi ne, ta biyu mai tausayi ce, na uku mugu ne, ki jera su kamar masu jiran a kira suna. Ki ɗauki fage ɗaya da aƙalla biyu daga cikinsu suka gani, ki ajiye bayanansu gefe da gefe, ki nuna abin da wannan ya ambata wancan ya tsallake. Sannan ki nuna wanda abubuwan da suka biyo baya suka gaskata, ko kuwa littafin ya ƙi raba gardamar. Ƙananan jigogi irin su rushewar hukuma, amana, iyali, da imani za su fito a hanya, amma ki ɗaure kowanne da shafi da idon da aka gan shi ta ciki.

Babin ƙarshe ki karanta shi sau biyu, kina tambayar a hannun wa aka bar ido. Littafin Richard Matheson na 1954, I Am Legend, wanda Romero ya amsa cewa daga gare shi ya samo tunaninsa, ya tsare mu a kan mutum ɗaya, Robert Neville, tun daga farko. Muna tare da shi yana kulle gida da dare, da rana yana bi gida-gida yana kashe masu cutar suna barci, kuma ba mu taɓa ganin laifinsa ba domin ba mu da wata taga sai tasa. A shafukan ƙarshe, bayan an kama shi, ya leƙa ya ga taron masu cutar da suka koyi rayuwa da ita suka fara kafa sabuwar al'umma, ya ga tsoron da ke fuskokinsu, ya gane cewa shi ne abin da ke zuwa ya kashe mutane a kan gadonsu. Carey ma a can ya ajiye nasa: Melanie ce ta yanke shawarar da ta saki ƙwayar cutar a iska, malama Justineau ta rage a kulle cikin motar bincike da iska ba ta shiga, yaran suna zaune a waje tana koyar da su. A babin farko yarinyar ce a ɗaure ana kallonta. Ki je ki duba naki littafin ki ga wa ke ciki wa ke waje a shafin farko, sannan ki duba na ƙarshe.